Sharhi kan abin ƙirga mai ƙwallaye ɗari don koya wa yara tara lambobi

Abin ƙirgan nan na katako mai layuka 10, kowane layi da ƙwallaye 10 a jikin waya, na saye shi ne a wani shagon kayan makaranta kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram, saboda 'yata da ke ajin CP, wato aji na biyu na firamare. Tara lambobi biyu ba ya ba ta wahala, amma da zarar an jera mata uku ko huɗu sai yatsun hannu su ƙare mata, ta manta inda ta tsaya.

Babban amfaninsa shi ne yana sa yaro ya ga goma da idonsa. Idan aka ba ta 7 da 4 da 3, takan tura bakwai a layin farko, sannan cikin huɗun nan uku su cike layin, ɗayan ya sauka layi na biyu, ukun ƙarshe su same shi a can. Sai ta dubi layi ɗaya cikakke da huɗu a ƙasansa ta ce goma sha huɗu, ba tare da ta koma ƙirgawa daga ɗaya ba. Daga baya ita da kanta ta lura cewa 7 da 3 suna cika layi, ta fara haɗa su tukuna kafin ta waiwayi 4. A ganina wannan dabarar neman lambobin da suke cika goma ita ce duk abin da ake so yaro ya kama a wannan mataki, kuma karan gero da ake yanka wa yara don ƙirga ba ya nuna ta a fili haka, sai an tsaya ɗaure su goma-goma.

Inda ya gaza shi ne launi. Kowane layi launinsa ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe, alhali da an raba shi biyar da biyar da yaro zai gane 6 ko 8 da kallo ɗaya. Ni da kaina na shafa wa ƙwallo na biyar a kowane layi baƙin fenti, abin kuma ya yi sauƙi. Wayar ma siririya ce, tana lanƙwashewa idan yaro ya danna da ƙarfi, kuma a gidan da akwai mai rarrafe dole a sa ido, domin ƙwallayen ƙanana ne idan suka zube.

Ba ya maye gurbin babba da zai zauna kusa da yaron. Muna ƙirgawa da Hausa, sannan in sa ta maimaita amsar da Faransanci ta rubuta a allo, tunda haka za a tambaye ta a aji. Ga ɗan CI (aji na farko) ko CP ina ganin ya cancanci kuɗinsa, amma wanda ya wuce nan ba ya bukatarsa.