Motata na shan ruwa: garajin da sunka auna ta kafin su taɓa inji

Duk wanda motarshi ke shan ruwa cikin wanga zafi na Maraɗi, kuma an riga an ce mishi juwan kilas (abin da ke liƙe tsakanin kilas, wato kan inji, da jikin inji) ne ya ƙone shi kawo kuɗi, don Allah shi dakata shi karanta wanga tukuna. Ni ba makanike ba ne, mai mota ne kawai da ya gaji da yawo da jarkar ruwa cikin but.

Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano ƙirar Japan. Tun shigowar bazara ta ɗauko wani hali, da safe in cika lagireto taf, zirga-zirgar cikin gari daga Zariya zuwa babbar kasuwa ba komai, amma da na hau kwalta zuwa Cadawa ko Tasawa na kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota, sai allurar zafi ta kama hawa a hankali, kafin in isa ruwa ya yi ƙasa sosai, kuma abin haushin ko ɗigo guda ba ka gani a ƙasa inda ta kwana. Garajin farko ko tada ta ba su yi ba, maigidan ya leƙa kawai ya ce Alhaji tunda ba ta yoyo ta waje to ta ciki take sha, sai an sauke kilas. Na ce to bari in yi shawara.

Wurin na biyu ne nike son in yi magana a kai. Da na isa mota da zafinta, maigidan ya hana yaranshi buɗe marfin lagireto, ya ce sai ta huce, don ruwan ciki a matse yake kuma ya wuce zafin tafasa, ka buɗe shi fuskarka ce ke biya. Da ta huce sai ya ɗauko wani ɗan famfon hannu mai agogo, ya ɗaura bakinshi a wuyan lagireto ya bubbuga iska har allura ta kai wajen bar 1, ya ce mu zuba ido. Mota a kashe, ba ƙara ba komai, ga allura tana sauka sannu sannu. Ya kwanta ƙarƙashi da tocilar waya ya kira ni, Malam zo ka gani da idonka. Ƙarƙashin famfon ruwa, wanda ke tura ruwa shi kewaya inji, akwai wani ɗan rami da anka yi da gangan, in robar ciki ta mutu ta nan ruwa ke tsattsafowa, to nan ne na ga ɗigo yana taruwa, gefenshi duk busasshen farin gishiri ya yi layi har ƙasa. A tafiya kan inji mai zafi yake faɗawa shi ƙone nan take, shi ya sa ƙasa ba ta taɓa jiƙewa ba.

Marfin ma ya auna shi daban. A jikinshi an rubuta 1.1, ma'ana sai matsin ya kai haka shi saki ruwa zuwa ƙaramar robar gefe, amma nawa tun rabin haka yake huci, robar bakinshi ta tsattsage. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, matsin marfin nan ne ke kai shi wajen 120 bai tafasa ba, ka ga in marfi ya mutu ga rana ta wuce 40 a watan Afrilu ga kilim, ai dole ta yi amai.

Abin da ya fi burge ni bai ce kilas lafiya lau don in ji daɗi ba, sai da ya bi shi. Ya zaro sandar awon mai, man baƙi ne wuluk bai koma kalar shayi da madara ba. Ya tada mota marfi a buɗe muna kallon wuyan lagireto ko kumfa za ta riƙa tasowa, shiru. Salansa ba farin hayaƙi mai kauri. Ya kwance buji duka ya jera su, ya ce in ruwa na shiga silinda guda za ka ga bujinta ta fita tas an wanke ta ban da sauran, to duka kalarsu ɗaya. Kuɗin wanga awon gaba ɗaya bai kai na bidanj, wato canjin man inji, guda ba.

Sai munka tarar ashe ba kalorsta a motar, wato 'yar na'urar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi, wani can baya ya cire ya yar, wai ƙasar zafi ba ta buƙata, kun san dai maganar da ake yi a kowane garaji. Shi ya dage a mai da, ya ce wajen digiri 82 take buɗewa a irin waɗanga motoci, kuma a da yawansu in ta buɗe ita ke toshe gajerar hanyar da ruwa ke kewayawa cikin inji, in babu ita wani ruwan ba shi ma biyawa ta lagireto. Na yarda da shi anka sa sabuwa.

Inda ban ji daɗi ba kuwa. Ba inuwa ko kaɗan, benci guda ne shi ma rabinshi a rana. Sannan da za su wanke lagireto yaron ya kwance tiyon ƙasa ya saki tsohon ruwan nan jajawur da tsatsa a tsakar fili, ga jajayen awakin unguwa suna kiwo nan kusa, alhali in da ragowar ruwan lagireto na kanti a ciki, zaƙi gare shi kuma guba ne, dabba ta lasa sai ƙoda ta lalace. Sai da na yi magana sannan anka zuba ƙasa bisa. Famfon ruwan ma kala biyu ya nuna mini, mai araha da mai tsada, bai ɓoye ba, amma jiranshi da na yi ya fi yadda anka ce mini nesa ba kusa ba.

Tsatsar nan ya ce aikin ruwan famfo da na rijiya ne da ake ɗura mata shekara da shekaru, yanzu ruwan lagireto na galan munka zuba. Na je Gidan Runji na dawo da tsakar rana kilim a kunne, allura na zaune ƙasa da rabi kaɗan ba ta motsa ba, robar gefe kuma na nan kan layinta. Lagireton dai ya ce wasu layukanshi na ƙasa sun fara toshewa, in na samu sarari kafin bazara mai zuwa in kawo a buɗe a zure su ko in sayi sabo, ina nan ina tambayar farashi.