Tsohon injin bel ko sabo mai maɓallin gudu? Amsa ga ɗan'uwa na Daura

Malam, na ga tambayarka. Ka ce injin tanin ɗinka, wato mai juya katako ana sassaƙa shi, ƙirar masu walda ne, ya daɗe yana fitar maka da ƙafafun gado da na tebur a zauren gida, yanzu ya kama rawa da ƙugi, kansa na ɗaukar zafi. Kana shawara ko ka gyara shi, ko ka sayar ka cika kuɗi ka ɗauko na waje mai maɓallin ƙara gudu. Duka biyun sun zauna a hannuna nan Katsina, ga abin da na gani.

Injin bel ba ya ɓoye ciwonsa. Moto ne, da bel, da fuli (faifan da bel ke hawa), da sandar ƙarfe a kan boris biyu (zoben ƙwallaye da sandar ke juyawa a ciki), shi ke nan. Cire wuta, ka sauke bel ɗin, sannan ka mayar da wuta ka kunna moton shi kaɗai. In ya juya ba ƙara, lafiyarsa ƙalau. In kuwa yana gurnani bai tashi sai an tura shi da hannu, fara zargin kafasito, wato abin da ke taimaka wa moto tashi, kafin wani ya ce maka sai an sake naɗin kwayil. Daga nan ka kashe, ka juya sandar da hannu, ka jijjiga ta sama da ƙasa. Ka ji kamar yashi a ciki, ko tana ɗan motsi? Boris ya gama aiki. Ƙugi da zafin da ka ambata can suka fi nuni.

Lambar boris tana rubuce a gefensa. Irin waɗannan injuna sukan ci 6204, mai rami milimita 20, ko 6205 mai 25, kuma masu kayan babur da na mota suna da su. Nemi wanda aka ƙara wa 2RS, wato mai murfin roba gefe biyu. Mai ZZ murfin ƙarfe gare shi, ƙurar hunturu da garin katako suna samun kafar shiga. Wajen sa shi a kan sanda kada ka buga guduma a zoben waje. Samu guntun bututu da ya yi daidai da zoben ciki ka tura shi a hankali. Sabon boris da yawa tun a ranar sa shi ake kashe shi.

Na waje fa? Ƙananan da suka fi zuwa mana motonsu mai gawayin kabon ne, da wani ɗan allon lantarki da ke sarrafa gudu. Kabon ana canzawa, ba wuya. Allon ne matsalar. Nawa ya ƙone ranar da wuta ta dawo da ƙarfi ina tsakar aiki, na zaga masu gyaran rediyo da talabijin, daga ƙarshe sai da na aika Kano, injin ya yi makonni a rufe da buhu. A makonnin nan tsohon mai bel ne ya ciyar da gidana. Duk mai irin wannan injin kada ya haɗa shi da wuta ko janareta ba tare da sitabilaiza ba, kuma ya riƙa hure masa ƙura, domin ƙura kan allo zafi take tarawa.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai inda na wajen ya fi. Yana iya tashi a hankali, kuma wannan ba ado ba ne, tsaron rai ne. Moton da aka saba sa wa ƙirar gida yana juyawa kusan sau 1,400 a minti, wani ma 2,800. Ƙafar tebur mai kaurin inci 3 ba ta damu ba. Amma ka ɗora kututturen maɗaci ko kirya mai faɗin inci 12 don akushi a wannan gudun, injin zai yi tafiya a ƙasa, icen kuma yana iya ƙwacewa ya nufo fuskarka. Irin wannan faɗin bai kamata ya wuce 500 zuwa 750 ba, farkon fara ma ƙasa da haka. Mai bel ma zai iya rage gudu haka, in an yi masa fuli mai hawa-hawa: inci 2 a moto, inci 6 a sanda, 1,400 ya sauko wajen 470. Abu na biyu da na wajen ya fi, tsininsa na gaba da na baya, masu riƙe icen, suna zuwa a saiti. A ƙirar gida sai ka jawo na baya har ya kusa taɓa na gaba ka duba. In sun saɓa, yanki gwangwani ka cusa ƙarƙashin wanda ya yi ƙasa. Rawar ma wani lokaci daga nan take, ko noti ya kwance, ko ƙafa ɗaya ba ta taka daɓe.

Kulawar yau da kullum ɗaya ce. Bel ya lotsa kamar rabin inci in ka danna da yatsa; ɗaure shi tamau boris yake ci. Gadon ƙarfen injin kuma, wanda tsinin baya ke zamewa a kai, kada ka lafta masa giris ko baƙin mai, da ƙura suke haɗuwa su zama kwaɓi mai cin ƙarfe. Goge shi ka shafa kyandir, musamman da damina ko bayan ka yi aikin ɗanyen bedi, don ruwansa tsatsa yake jawowa cikin dare ɗaya. Ina roƙonka kuma, kada ka tsaya gabansa da riga mai faɗin hannu.

Da ni ne kai, tunda aikinka ƙafafun gado ne, gyara zan yi: boris biyu, sabon bel, da fuli mai hawa uku. In ka sauke bel ɗin ka gwada, turo mana lambar da ke jikin boris da abin da ke rubuce a allon moton, sai mu lissafa girman fulin tare.