Gargaɗi ga alhazai da masu Umara kan wani ɗan canjin bogi a Misfala

Ina rubuta wannan gargaɗi daga Makka, inda na daɗe ina zaune da iyalina, domin in ja hankalin alhazai da masu Umara game da wani mutum da ke zagaya masaukan baƙi a unguwar Misfala da sunan canjin kuɗi. Ambaton sunansa ba zai amfani kowa ba, domin sunan da ya faɗa wa gwaggona daban ne da wanda ya faɗa wa wasu da ya cuta a wani masaukin, kuma layin wayarsa ba ya mako guda bai sauya shi ba. Salon damfararsa ne ba ya sauyawa, shi kuma nake so a gane.

Bahaushe ne, Hausarsa tsaf babu gargada, yana sa farar jallabiya, carbi ba ya barin hannunsa. Yakan shigo harabar otal bayan la'asar, ya gaisa da dattawa cikin ladabi, ya tambayi garinsu, duk garin da aka ambata kuwa sai ya ce ai kakarsa 'yar can ce. Zai taimaka wa wannan ya haɗa layin waya, ya nuna wa wancan inda ake sayar da tuwo, ba ya karɓar ko halala ɗaya. Sai an saki jiki da shi sannan ya kawo zancen canji, ya ce shagunan Larabawa cutar baƙi suke yi, shi kuwa saboda zumunci zai ba da riyal 4 a kan kowace dala.

A nan ne ya kamata kowa ya farga. Tun shekarar 1986 hukumar Saudiyya ta ɗaure riyal da dalar Amurka a kan riyal 3.75, kuma har yau a haka yake, ba ya hawa da sauka kamar yadda naira take yi a kasuwar Wapa. Shagon canji mai lasisi yana sayen dala ƙasa da haka kaɗan domin ya ci ribarsa, saboda haka mai dala 100 zai tashi da riyal 370 da 'yan kai. Wanda ya yi maka alkawarin riyal 400 yana cewa ne zai yi asarar riyal 25 a kan kowace ɗari saboda ƙaunarka, alhali jiya ya fara ganinka. Babu ɗan kasuwar da ke yin haka, kuma shi ma ba shi da niyyar yi.

Gwaggona ta zo da guzurinta a jakar wuya, takardun dala 100 guda huɗu suka rage mata. Ya karɓa a gabanta, ya ɗaga kowace ya duba a haske kamar masani, ya sa su a ambulan, sannan ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, waɗannan tsohon bugu ne, sai na tambayi maigidana. Riƙe abinki, kada ki buɗe a gaban mutane saboda ɓarayi, gobe in sha Allahu zan kawo miki riyal." Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," ta mayar da ambulan cikin jaka ta zuge. Kwana biyu ba ta gan shi ba. Da na je gaishe ta, ta miƙo mini ta ce in canzo mata, na buɗe na tarar da takardu huɗu cif, amma kowace ta dala 1 ce. Abin da ya kai riyal 1,500 ya koma riyal 15. Ba zan manta yadda ta riƙa juya takardun tana ƙirgawa tana cewa ai huɗu ne, ba su ragu ba. Na daɗe ban ji abin da ya ƙona mini rai kamar wannan ba.

Abin da ya sa dabarar take ci shi ne takardun dalar Amurka duk girmansu ɗaya, launinsu kuma ya yi kusa da juna, sai mai lura da lamba ne zai bambance. Ta dala 100 tana ɗauke da hoton Benjamin Franklin, sabon bugunta da ya fito a 2013 kuma yana da shuɗin zare a tsakiya. Tsohon bugu ma kuɗi ne, kuma ko da wani shago ya ƙi karɓarsa, wannan ba dalili ba ne na barin baƙon mutum ya rufe maka kuɗinka a ambulan.

Hanyarsa ta biyu ta fi wannan ɓarna, domin tana cin masu ilimi ma. Idan guzuri ya ƙare ga tsaraba ba a gama saye ba, sai ya ba alhaji lambar asusun banki a Najeriya, ya ce a sa 'ya'ya su tura naira can, shi kuma ya kawo riyal a hannu. Karon farko, da yake kuɗin kaɗan ne, yana cika alkawari kafin magariba. Alhaji ya ji daɗi ya gaya wa abokan ɗakinsa, su haɗa kuɗi mai yawa a tura, daga nan waya ta mutu. Idan aka bincika, sai a ga asusun da sunan wani ne daban. Haka yake yi wa 'yan'uwanmu mazauna nan masu son aika wa iyaye kuɗi gida: ya karɓi riyal a hannu, ya turo hoton rasit na bogi ta WhatsApp, a gida kuwa ana ta jiran alat shiru. Yana zaɓen waɗanda ba su da iƙama, wato takardar izinin zama, domin ya san ba za su kusanci 'yan sanda ba saboda tsoron tarhil, wato a kama mutum a mayar da shi ƙasarsu, yana kuma matsa wa alhazai a kwanakin ƙarshe, lokacin da hankali ya koma kan awon kaya da jiran jirgi, babu mai sararin bin sawunsa.

Sana'ar canji a ƙasar nan sai da lasisin Babban Bankin Saudiyya, wanda ake kira SAMA. Shagunan da ke da shi, waɗanda ake ce wa sarrafa, suna nan a titin Ibrahim Khalil da kewayen Harami, akwai su a Markaziyya a Madina da filin jirgin Jidda. Za ka ga farashi a allo, a ƙirga maka a gabanka, a ba ka rasit. Tunda farashin dala a tsaye yake, babu ribar da ake samu da gaggawa, gara a canza ɗari guda, idan ta ƙare a sake. Mai guzurin dala 500, irin wanda aka ba alhazan Najeriya a 2024, riyal 1,875 ne gaba ɗaya a hannunsa, idan kuwa aka raba su a kan kwana 35 abin bai wuce riyal 50 da 'yan kai a rana ba, a cikinsu za a yi kuɗin mota da magani da katin waya. A koya wa tsofaffi launin kuɗin tun daga gida: riyal 500 shuɗiya ce mai hoton Ka'aba, 100 ja ce mai hoton masallacin Annabi (SAW), 50 kuma kore.

Mun kai rahoto ga ma'aikatan otal da jami'an alhazan jihar gwaggona, tun daga ranar kuma ba a sake ganinsa a wannan layin ba, sai dai ina zargin wata unguwar ya koma, ko ma Madina. Wanda ya gan shi yana wannan ciniki ya sanar da jami'an masauki nan take, ko ya kira 911, lambar gaggawa a yankin Makka. Wanda kuma yake da uwa ko uba a nan, ya kira su yau ya tambaye su wa yake canza musu kuɗi, ya sa a buɗe ambulan a duba lambar da ke jikin kowace takarda.