Hypothesis ko supposition: wacce ta dace da rubutun bincike?

Idan ka warware kalmomin nan biyu na Turanci, abu ɗaya suke faɗa: ajiye wani abu a ƙarƙashi. Hypothesis daga Girkanci take, hypo na nufin ƙarƙashi, thesis kuma ajiyewa. Supposition daga Latin, sub da ponere, ma'anar ke nan dai. Malaman Latin na tsakiyar zamani ma da suppositio suka fassara kalmar Girkancin.

Hanyar shigarsu Ingila ce ta raba su. Supposition ta riga isa, ta bi ta Faransanci, ta saje da maganar yau da kullum har ta koma zato kawai, irin wanda mutum ke yi ba hujja. Hypothesis sai wajen ƙarshen ƙarni na 16 ta shigo, a hannun masu ilimi, kuma a can ta zauna: hasashe ne da ake gwadawa, ya tabbata ko ya rushe. Masanin kimiyya Isaac Newton kansa, a bugun littafinsa Principia na 1713, da Latin yake rubutu amma kalmar Girkancin ya ɗauka, ya ce shi ba ya ƙirƙirar hypotheses.

Ɗalibi mai rubuta kundin digiri, hypothesis ce taka. Ka lura da jam'inta dai, hypotheses ne, Girkancin bai sake ta ba.