Kama ƙwaya da haske ko tura ta da ruwan ɗumi

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: tunda akwai hantsakin haske na kama ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, me ya kai masana ga ɗumama ruwa da leza (siririn haske mai ƙarfi) don motsa su? Malam, aikin kowanne daban ne.

Hantsakin haske, Arthur Ashkin ne ya fito da shi a Bell Labs ta Amurka a 1986, ya kuma ci kyautar Nobel a kansa a 2018. Ana tattara hasken leza a ɗigo guda, ƙwayar da ke kusa sai ta faɗa tsakiya ta maƙale. Riƙonsa ba wasa: da shi aka auna takun kinesin, furotin mai dakon kaya cikin ƙwayar halitta, aka samu nanomita 8 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Matsalarsa, hasken a jikin ƙwayar yake sauka. Da Ashkin ya kama bakteriya da koren leza mutuwa suka yi, sai da ya koma hasken infrared, wanda ido ba ya gani. Kuma ba kowace ƙwaya yake kamawa ba, sai wadda ta fi ruwan lanƙwasa haske.

Hanya ta biyu ruwan ake ɗumamawa. Ana zarya da ɗigon leza da sauri a kan layi ɗaya, inda ya taɓa ruwan ya ɗan kumbura, kaurinsa ya ragu, yana wucewa ya huce. Maimaita haka ke sa ruwan ya gudana, akasin inda ɗigon ya nufa, ya kwashi ƙwayar kamar kara a kwata. Franz Weinert da Dieter Braun sun nuna wannan a Munich a 2008. A 2018 tawagar Moritz Kreysing a Dresden ta motsa ruwan cikin ƙwan wata 'yar tsutsa, C. elegans, da ɗumin 'yan digiri kaɗan, ƙwan kuma yana raye. Wannan aikin ya burge ni ƙwarai, domin ba a huda komai ba.

Sai dai ruwa ba ya zaɓe, in ya tashi har maƙwabtan ƙwayar yake ja. Shi ya sa wajen ware ƙwayoyi ɗaya-ɗaya dole kyamara ta riƙa kallo, kwamfuta tana sauya layin leza a kai a kai.

In ƙarfin abu guda za ka auna, Malam, ɗauki hantsaki. In kuwa ƙwayoyi masu rai za ka ware, waɗanda haske mai ƙarfi zai illata, ni ruwan zan zaɓa.