Madabod Ga Mai Ƙaramin Aljihu: Ina Ya Kamata Kuɗin Su Tafi?

Abu na farko da mai haɗa kwamfutar tebur ya kamata ya sani shi ne, madabod, wato babban allon da ake ɗora duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ba ya ƙara wa na'ura gudu. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ɗaya a kan allo mai tsada da mai araha kusan aiki iri ɗaya za ta yi. Don haka kada ka fara da madabod. Zaɓi furosesa tukuna, domin ita ce za ta faɗa maka soket ɗin da za ka nema, wato gurbin da take zama a jikin allo.

Idan kuɗin sun yi ƙaranci, soket AM4 na kamfanin AMD, wanda ya fito tun 2016, har yanzu yana da ranarsa. Yana aiki da RAM (ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta) irin DDR4, ga furosesa irin Ryzen 5 5600 da ke iya ɗaukar aikin ofis da wasanni ba tare da haki ba. A nan za ka gamu da cipset uku, wato guntun da ke jikin allo mai ƙayyade abubuwan da allon zai iya yi. A520 ya fi araha, amma ya tsaya a PCIe 3.0 (PCIe ita ce hanyar da katin hoto da ma'adanar bayanai ke bi zuwa furosesa, kuma 4.0 ta fi 3.0 sauri), kuma ba ya barin a ƙara wa furosesa gudu. B450 na 2018 ne, kuma sau da yawa sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar cikin allo da ke tayar da na'ura, kafin ya gane Ryzen 5000. Wannan ba ƙaramin ciwon kai ba ne: ka haɗa komai tsaf, ka kunna, fankoki su juya, allon kallo ya tsaya baƙi ƙirin. Idan allon ba shi da maɓallin sabunta BIOS ba tare da furosesa ba, sai ka je aron tsohuwar furosesa. B550 ya ba da PCIe 4.0 ga katin hoto da ramin M.2 na farko (inda ake sa ma'adanar bayanai ta SSD), kuma a ganina shi ne ya fi cancantar kuɗinsa. Sai dai ka sani, Ryzen 5 5500 da 5600G ba su wuce PCIe 3.0 ba, ko a kan wane allo ka ɗora su.

A ɓangaren Intel kuwa, soket LGA1700 ya ɗauki furosesoshi zubi na 12 da 13 da 14. Cipset H610 ya wadatar ga i3-12100 ko i5-12400, amma yawancinsu ramukan RAM biyu ne kacal. B660 da B760 sun fi sakewa. Tarkon da ke nan shi ne, galibi allo ɗaya ko dai na DDR4 ne ko na DDR5, ba ya cin duka biyun. Karanta jikin kwali da kyau. Kuma furosesar da lambarta ta ƙare da F ba ta fitar da hoto da kanta, ko da madabod na da ramin HDMI. Dole sai da katin hoto.

Wanda ke son ya riƙa sauya furosesa nan gaba, soket AM5 na AMD na 2022 ya fi masa, da cipset A620 ko B650, amma DDR5 kaɗai yake karɓa, kuma jimillar kuɗin za ta haura.

Game da girma, ɗauki matsakaicin allo, wato micro-ATX, ka huta. Mini-ITX ƙarami ne amma tsadarsa ta fi jikinsa.

Abin da ni nake fara dubawa a hoton allo shi ne gefen soket, inda kayan daidaita wutar furosesa suke. Idan akwai ƙarfen shan zafi a kansu, alama ce mai kyau. Tsirara ma za su riƙe furosesa mai wat 65, amma ranar da ka sa babba, zafi zai sa ta rage gudu da kanta. Fitilu masu launi kuwa ado ne kawai. Wi-Fi ma, in kana da kebul ɗin intanet kusa, kada ka biya kuɗinsa.

Idan na hannu za ka saya, buɗe soket ka haska fitila. A LGA1700 da AM5 allurai a jikin madabod suke, guda ɗaya in ta lanƙwashe tana iya kashe ramin RAM. A AM4 kuwa a jikin furosesa suke, shi ya sa allonsa na hannu bai cika zama kasada ba. Duk da haka, ka sa a kunna shi a gabanka ya shiga BIOS kafin ka miƙa kuɗi.