Ɗakin gwajin da ya gano abin da ke cinye jinin ƙanwata

Wata takwas muna yawo da ƙanwata. Wannan ya ce maleriya, wancan ya ce taifot, gwaggonmu kuwa ta kafe a kan shawara ce, aka yi ta ɗura mata jiƙo. Idonta ya yi rawaya, fitsari kamar ruwan shayi, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai haki. Jini leda biyu aka ƙara mata, bayan sati uku PCV ɗinta, wato awon yawan jajayen ƙwayoyin jini, ya dawo 17. Kuma AA ce, ba mai sikila ba.

Sai wata likita ta tura mu wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a nan Kano. Abin da ba zan manta ba, ma'aikacin bai tsaya kan lambar da na'ura ta fitar ba. Ya shafa jinin a gilashi ya duba da kansa, ya kira likitar a waya ya ce a ƙara gwajin Coombs, mai nuna ko garkuwar jiki ce ke kai wa jini hari. Da sakamakon ya fito, ya zaunar da ni ya ce, "Hajiya, garkuwar jikinta ce ta juya mata baya." Wato sinadaran da ya kamata su yaƙi cuta su ne ke manne wa jajayen ƙwayoyin jininta, saifa kuma ta farfasa su. Shi ya sa jinin da muka yi ta nema wurin 'yan'uwa bai zauna ba. Ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini ma sun sauka zuwa 62,000, alhali bai kamata su gaza 150,000 ba. A nan na gane dalilin jinin da ke fita a dasashinta kullum da safe.

Inda suka ɓata min rai shi ne gwaje-gwajen jini na ANA da anti-dsDNA, waɗanda suka tabbatar lupus ce, wato cutar da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mai ita. Sati ɗaya suka ce, sai da muka yi kwana 12, ba wanda ya kira mu. Kuɗin ma da nauyi, kujerun jira kuma huɗu ne kacal, marar jini tana tsaye jiri na ɗibarta.

Yanzu tana kan magungunan prednisolone da hydroxychloroquine, PCV ya kai 31, alhamdu lillahi. Can muke komawa duk wata, kafin ƙarfe 8, da kujerarmu ta roba a bayan mota.